Ranar da Na Ce Mamarmu Ta Dawo

Har yau 'yan gidanmu a unguwar Hindawiyya ta Makka sun ɗauka baƙuwa ce ta yi rashin ta-ido ranar sunan 'yar Yaya Bilki. Na gaji da gyara musu. Ni ce na kwafsa, kuma da wuya in manta.

Baƙuwar Salma ce, 'yar Siri Lanka, tare muke gyaran ɗakuna a wani otal a unguwar Misfala. Ta musulunta tun kafin ta zo, amma danginta mabiya Buddha ne. Da mahaifiyarta ta rasu ba ta samu hutun tafiya ba. Muna cikin sauya zanin gado ta nuna min bidiyo a waya: ƙaninta na tsiyaya ruwa a kofi har ya tumbatsa, malamansu na karatu. Da guntun Larabcinta ta ce suna aika wa mahaifiyar lada ne, don a wajensu za a sake haifar ta a wani wuri, gwargwadon aikinta.

Ni kuwa (ƙafata na ciwo, ga ɗakuna jibge, ga bakina da ba ya jiran izini) na ce, "Salma, ke musulma ce. Wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa. Kama bakin zanin nan." Ta kama. Ko gaisuwar mutuwa ban yi mata ba.

Da Yaya ta haihu aka mayar wa jaririyar sunan Mamarmu, Allah ya ji ƙanta. Kun san halinmu: ba mai kama sunan, sai "Ummi". Na gayyaci Salma, ta zo da 'yar riga a leda. Falo ya cika da mata, na ɗauko jaririyar ina rawa da ita, na kai ta gaban Salma, na ce da Larabci don ta ji da kyau, "Ga uwarmu ta dawo. Dubi goshin, dubi hararar. Ita ce sak."

Salma ta daɗe tana kallon yarinyar. Ta ce a hankali, "Taku tana dawowa kenan?"

Da ma da gatse ta faɗa, da na sami abin kamawa. Tambaya ce kawai, idonta ya ciko. Tsautsayi, lokacin falon ya yi tsit.

Gwaggo Asabe ta ajiye kofin shayi ta ce, "Ke, me 'yar nan take cewa? Wane irin addini kika kwaso mana daga otal?"

Na buɗe baki in ce ai mu faɗa kawai muke yi, don zuciya ta yi sanyi. Sai na ji yadda maganar za ta fito, na rufe. Na tsaya riƙe da "uwata", ita kuma ta zaɓi lokacin ta jiƙa min abaya.

Imanina yana nan inda yake. Abin da na gane a makare shi ne, ranar bidiyon nan Salma ba fatawa ta nema ba. Rashin uwarta take nuna min.

Tun daga sunan, sallama kawai ke haɗa mu, ta ma nemi a canja mata bene. Ranar hutuna zan dafa shinkafa in je ɗakinta in yi mata ta'aziyya yadda ake yi wa mutane. Zan tambaye ta sunan mahaifiyarta, sannan in yi abin da ya fi min wahala a duniya: in yi shiru har ta gama.