Taku Goma Daga Bakin Teku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da teku ta ci amanata ba, ko da kuwa tsufa ya kai ni inda zan riƙa kiran jikokina da sunan juna. Lokacin bakansi ne, wato hutun shekara a nan Faransa, mun aurar da 'yarmu Zara'u, surukanmu sun taso tun daga Lyon. Da aka watse biki sai na ce ba za su koma ba sai na nuna musu teku. (Ni kaina ban taɓa ganinta ba sai ta tagar jirgi. Shekara ashirin ina ɗaukar kwali a depo-depon Aubervilliers, wa ya aike ni? Amma ba kome suruki ke bukatar sani ba.) Muka ɗauki hayar kar, wato babbar motar fasinja, muka cika ta da mutane da kulolin dambu, muka miƙa Normandi, can gaɓar teku.

Da isarmu mata suka ce sai sun tsoma ƙafa. Hajiya, mai ɗakina, ta zare awarwaronta na zinariya ta miƙo mini.

"Malam, riƙe mini. An ce gishiri yana cin zinariya. Ka dai san na marigayiya Inna ne, shi kaɗai ya rage mini nata."

Na karɓa da Bisimilla. Sai na yi tunani irin na manya. Aljihu ba abin yarda ba ne, mutum ya sunkuya, abu ya zube. A garinmu Damagaram kuwa abu mai daraja ƙasa ake ba ajiya. Na waiga dama, na waiga hagu, na tona rairayi na binne shi. Ban sa alama ba, don alama gayyatar ɓarawo ce. Awo na yi: taku goma cif daga bakin ruwa. A gida in ka ce taku goma daga rijiya, jikan jikanka ma zai tarar da wurin.

Muka hau tudu muka yi azahar, muka ci dambu, na ɗan kishingiɗa. Da na sauko, jama'a, teku ta yi ƙaura! Ruwan da na bari nan kusa ya koma can nesa, sai ka sa hannu a goshi kafin ka hango shi. Ni a aji uku na baro lakwal, ba a kai mu darasin da ruwa ke zuwa yawo ya dawo ba. Na bi shi har inda ya tsaya, na ƙirga taku goma, na tona. Babu. Na dawo baya na tona. Babu. Iska na kaɗawa, ni gumi nake.

Can sai ga wani tsohon Bature da gajeren wando, yana lilo da wata sanda mai faifai a baki. Na tambaye shi da ɗan Faransancina. Ya ce na'urar gano ƙarfe ce, da ita yake neman zobba da sarƙoƙin da masu wanka ke yarwa; in ta ji ƙarfe sai ta yi kuka. Na ce Allah ne ya aiko ka, Musye. Ya ara mini.

Ina karɓa sai ga surukina, Alhaji Mutari, uban ango, cikin farar shadda.

"Alhaji, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Alhaji. Ɗan binciken kimiyya ne. Ka san mu da muka yi aikin ma'adinai a Arlit, in muka ga ƙasa ba ma iya zama." (Gaskiya na yi Arlit. Shayi na sayar a bakin tasha.)

Na yi lilo da faifan, na'urar ta yi tiii! Na durƙusa na tona, babu kome. Na yi taku biyu, tiii! Alhaji Mutari, mutum mai kunya, bai iya tsayawa yana kallon surukinsa a durƙushe ba. Ya naɗe hannun shadda ya durƙusa shi ma. Ƙannensa biyu suka ga babba na tono, suka shigo. Ni ina gaba ina ba da umarni, "Nan! A'a, nan ne jijiyar take!" su suna bina a baya kamar ranar shuka. Rami goma sha ɗaya muka yi. Abin da ƙasar Faransa ta ba mu: marfin kwalba ɗaya da rabin cokali.

Baturen nan ya matso, fuskarsa ta yi ja don danne dariya. Ya karɓi sandarsa, ya ɗora faifan a kan ƙafata. Tiii! Ashe takalmin aikin depo ne na sa, mai ƙarfe a baki, don na ƙi yarda rairayi ya ɓata mini na biki. Tun ɗazu yatsun ƙafata muke farauta.

Daidai nan mata suka iso, Hajiya a gaba.

"Malam, me ake shukawa ba a gayyace mu ba?"

Na ga dai babu mafita. A gaban surukai maza da mata, da gwiwoyi jiƙe, na faɗi gaskiya tun daga taku na ɗaya. Na ce ta yafe mini, na salwantar da abin Inna. Na san abin da awarwaron nan yake a wurinta.

Hajiya ta saurara har na kai aya. Sannan ta ɗaga hannu a hankali, wai gyaran mayafi. Hannun riga ya zame. Ga awarwaro yana walƙiya.

"Ina kallonka kana taku kamar soja," in ji ta. "Kana juya baya na tone abina."

"To, Hajiya, don Allah me ya hana ki faɗa?"

"Na ga kana koya wa Alhaji kimiyya, ban so in katse darasi ba."

Uwar ango ta toshe baki da mayafi. Alhaji Mutari ya dubi shaddarsa, ya dubi sama, ya ce, "To, Alhamdu lillahi," da wata murya da na san dariya ce aka yi wa rawani. Har yau in ya bugo waya daga Lyon, kafin ya tambayi iyali sai ya ce, "Injiniya, ya ma'adinai?"

Don haka, samari, ku karɓi wannan daga bakin wanda ya gani. Kada ku kafa shaida da abin da ke tafiya. In kuma abin matarka ya ɓace a hannunka, kafin ka tona ƙasa fara tona cikinka a gabanta. Kunyar mutum ɗaya ta fi ta kar guda sauƙin haɗiya.