Rasuwar 'Yar Baƙa, Kyamarar Malam Salihu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kai a sunkuye, Malam Salihu Mai Hoto na Ƙofar Marusa yake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar tsohuwar kyamararsa mai fim, wadda duk Katsina ta sani da suna 'Yar Baƙa. An tarar da ita babu rai a saman kabad ɗin shagonsa bayan Babbar Sallar nan da ta wuce. Ya so a rubuta cewa tsufa ne ya kashe ta, amma mai rubuta wannan sanarwa maƙwabcinsa ne, ya kuma san abin da ya faru.

Marigayiyar haifaffiyar ƙasar Japan ce. Ta zo hannun Malam Salihu tun yana saurayi, ta aurar da shi, ta ciyar da 'ya'yansa, ba ta taɓa neman caji ba. Ba ta da surutu. In ta ce "ƙaras", to magana ta ƙare, sai ya ja mata hannu ta ce "ƙirrr" ta jira na gaba. Ba ta taɓa ƙara wa amarya hasken da Allah bai ba ta ba, ba ta kuma rage wa ango tumbi. Abin da ta gani shi take faɗa, shi ya sa wasu matan unguwa ba su yi kukan mutuwarta ba.

Babban aikinta na shekara shi ne hoton Sallah na gidan Hajiya Halimatus Sa'adiyya da ke Ƙofar Durbi. A nan 'ya'ya da jikoki ke jeruwa a ƙofar zaure, ɗanta na fari Alhaji Mahmud a tsakiya, ita kuwa Hajiya a can ƙarshen layi kan kujerarta. Kunyar ɗan fari ce ta kai ta can. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, in ya shigo gaishe ta bango take kallo tana amsawa. Shi kuma aiki ya riƙe shi a Fatakwal, sai Babbar Sallah ake ganinsa. Wannan hoto shi kaɗai ne wurin da uwa da ɗa ke haɗuwa a fili ɗaya, kuma kowa a gidan ya san tana kallonsa in ta rufe ɗakinta, ko da yake ba mai faɗa.

Malam Salihu yana da saiwar bishiyar bedi guda a gaban gidan, inda yake kafa mazaunin kyamara mai ƙafa uku duk shekara. Daga nan 'Yar Baƙa ke kwashe layin kaf, har da takalman Hajiya. Saboda sabo ya daina ma leƙa ramin ido, sai ya tsaya gefe yana kallon fuskoki, ya danna. In an yi masa magana ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Ciwon ajali ya faro ne daga ranar da ɗakin wanke fim na ƙarshe da yake kai wa aiki ya koma sayar da wayoyi. Sai an aika Kano a mota, a jira, mutane kuwa yanzu so suke su ga kansu kafin su gama murmushi. Malam Salihu, wanda ya sha rantsuwa a majalisa cewa hoton kyamarar zamani mai kati ba hoto ba ne, ya saci jiki ya tafi shagon wani mai sayar da kyamarori, Kabiru. Nan ya wuni yana ɗaga wannan yana ajiye waccan. Da ya gano akwai wadda bakinta ya yi daidai da gilashin gaban 'Yar Baƙa, wato idonta, sai ya ce ita yake so, kuma gangar jiki kawai, ido yana da shi a gida.

Kabiru ya ce, "Baba Malam, wannan cikinta ƙarami ne. In ka sa mata tsohon gilashi, gefe da gefe za ta yanke maka. Ko ka ɗauki babbar, ko ka haɗa da nata gilashin mai faɗi."

Malam Salihu ya ce, "Yaro, lokacin da na fara ɗaukar hoto ko goyo ba a yi da kai ba."

Ya dawo shago ya murɗe wa marigayiyar ido tana da ranta, ya ɗaura wa baƙuwa. Ko tsumma bai toshe mata ramin da shi ba. Ya ɗora ta saman kabad da baki a buɗe, ya juya mata baya, kuma wannan shi ne abin da har yau ba ya iya faɗa sai da murya ƙasa-ƙasa.

Ranar Sallah ya kafa mai ƙafa uku a kan saiwar bedi kamar kullum. Aka jeru, ya ce kar a motsa, ya danna sau ɗaya, don a wurinsa danna biyu ɓarnar fim ce ko da babu fim. Jikoki suka yi caa suna son ganin bayan kyamara, ya rufe da hularsa ya ce mai hoto na gaske ba ya duba baya. Sabo turken wawa. Sai da aka fito da hoton, Alhaji Mahmud ya riga ya koma Fatakwal, sannan ya ga aikinsa. Kowa ya fito fes, har zanen hular Alhaji ana iya ƙirgawa. A ƙarshen layi kuwa babu Hajiya, sai hannu guda riƙe da carbi.

A guje ya hau kujera ya sauko da 'Yar Baƙa, kamar ita za ta gyara masa. Ashe zanzaro ya shiga ta ramin da aka cire gilashin ya yi gini a kan madubinta, danshin damina ya gama da sauran. Ya danna, shiru. Ya ja mata hannu, ba ta ce "ƙirrr" ba. Nan ya zauna da ita a cinya, dattijo da furfurarsa, yana ba ƙarfe haƙuri.

Da kunya ta ishe shi sai ya koma wa Kabiru, wanda ya yi masa karar rashin cewa "ai na gaya maka". Kabiru ya ce a kawo hoton bara, zai ciro Hajiya da kwamfuta ya liƙa ta a na bana. Malam Salihu bai tsaya ba, don ba ya son ganin ana ƙarya da sunansa. To shi Kabiru bai san gidan ba. Ya duba layi, gefe babu wuri, sai wani ɗan fili kusa da babban mutumin da ke tsakiya, ya ga ai nan ya dace da uwa. Ya zaunar da Hajiya kafaɗa da kafaɗa da ɗanta na fari, ya sa a ambulan. Malam Salihu, da har yanzu bai koyi duba aiki ba, ya ɗauka ya kai.

A tsakar gida aka buɗe, gaban surukai da jikoki. Safiya matar Alhaji ta toshe baki da mayafi. Malam Salihu ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Hajiya ta ce, "Salihu, mi nike gani haka? Yaushe na zauna nan? Da girmana za ka ɗauke ni ka aje jikin wancan mutumen, duniya ta ce tsufa ya cinye mani kunya?"

Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, a gafarce ni. Bari in tafi da shi in ƙona."

Ya miƙa hannu, ta janye hoton. "Ka tafi da shi wani ya gani a hanya? Bar shi nan, ni na san inda zan ɓoye wanga abin kunya." Ta tura shi cikin zanenta ta shige ɗaka.

Marigayiyar ta bar ido guda a hannun baƙuwa, da jakar fata mai tsinkakken maɗauri, da mai ƙafa uku wanda aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da roba. Ta bar sauran fim da ba a buɗe ba a firjin Jummai matar Malam Salihu, wadda ta ce a zo a kwashe don wurin zoɓonta ne. Ta kuma bar zanzaro, wanda bai san an yi rasuwa ba.

Za a yi mata sutura ranar Juma'a bayan la'asar a shagon da ke Ƙofar Marusa. Za a mayar mata da idonta, a naɗe ta a farin ƙyalle, a sa ta a jakarta. Ba a buƙatar masu ɗaukar hoto da waya. Masu ta'aziyya su yi haƙuri in ba su tarar da Malam Salihu da wuri ba, domin jiya Hajiya ta kira shi ta bayan labule, ba kowa a wurin, ta ce ya je wurin yaron nan mai kwamfuta a ƙara wa abin kunyar girma, idonta ba ya ganin fuskar wancan mutumen da kyau.