Yadda Ake Sauya Dokokin Wasa Don Guje wa Shafi na 114

Ranar Talata, tara ga Maris, matata Lorraine ta fita kwashe ƙanƙara daga ƙofar gida, ba ta dawo da ƙafarta ba. Likita ya ce zuciya ce. Shekara arba'in da ɗaya muka yi da aure. Ashirin da biyu daga ciki muna wasan labari duk Lahadi da rana a teburin cin abincinmu a garin Duluth na Amurka: ni ne mai jan labari kuma alƙali, ita da abokanmu Gordon da Bernadette kowa na riƙe da jaruminsa a takarda, ɗan lido mai fuska ashirin yana yanke wa kowa rabonsa.

Bayan wata takwas na kwashe labarin kacokan daga tsohon littafin dokoki mai jan bango na ɗora shi kan sabo. Kai ma za ka iya. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka samu abin da na samu, babu ragi.

1. Nemo dalili mai kama da ilimi

Kada ka yarda kowa ya gane tsoron tsohon littafin kake yi. Ka ce ya tsufa. Ka ce lissafinsa yana kashe armashin labari. Shekara talatin na yi ina aikin laburare, na san mutane ba sa musu da mai tabarau.

Ban da Gordon. Zai kira ka a waya ya ce, "Alvin, kai da kake cewa littafin nan ya fi na coci tsarki? Yau kuma?"

Ka ce, "Mutum yana girma, Gordon."

Zai ce, "A shekara saba'in da ɗaya? Sai dai tumbi."

Kashe wayar. Masani ba ya ja-in-ja da tsohon direban bas.

2. Ka san abin da kake gudu

Nawa shafi na 114 ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a cikin labarin, dodanni suka koro jaruman zuwa bakin wani kwazazzabo. Kowa ya tsallake, saura alfadarin maharbiyar da Lorraine ke riƙe. Sunana ta sa masa, wai don kamarmu ta yi yawa. Ana bukatar sha biyu, ta jefa ɗan lido ya ba da sha ɗaya.

Ta ce, "Na sauke masa kaya tun ɗazu. Dabbar da ba kaya ana ƙara mata biyu. Duba littafin."

Na ce, "Babu wannan dokar."

"Duba mana, Alvin."

"Ni ne alƙali. Ya faɗa."

Haka alfadari ya tafi ƙasa da sunana. Da baƙi suka watse, tana wanke kwanuka, na buɗe littafin a ɓoye. Ga dokar nan a shafi na 114, layi na shida, baƙi a kan fari. Na rufe, na je na taya ta goge cokula. An ce girman kai rawanin tsiya. Wanda ya faɗi haka bai taɓa jin ɗuminsa a lokacin sanyi ba.

3. Zaɓi littafin da ba alfadari a ciki

Karanta shida, ka ɗauki mafi laushi. Nawa mai shuɗin bango ne, na 'yan zamani. Babu dabbar kaya, babu awon tsalle. A cikinsa jarumi ba ya mutuwa sai mai shi ya yarda. Na karanta wannan layin sau uku, na tashi na wanke kofin da yake a wanke.

4. Ja lokaci

Nan gwaninta take. Sauya kowane dodo ɗaya bayan ɗaya, nawa ɗari biyu da sha biyu ne. Sauya sarakuna, sauya koguna, har matattun da aka manta da su. Duk wanda ya tambayi yaushe za a koma wasa, ka ce saura kaɗan.

Bernadette za ta riƙa zuwa da tukunyar dankali da nama, ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙen tarin takardunka. Za ta ce, "Ka aske gemun nan, ka zama kamar ɗaya daga cikin dodanninka." Karɓi tukunyar. Kada ka ce ta shigo.

5. Bar takardarta sai ƙarshe

Wata rana dodanni za su ƙare. Sai ka buɗe jakar da Lorraine take ajiye takardun maharbiyarta. Duk sanda takarda ta tsufa takan kwafe ta a sabuwa, na tarar da guda tara tun bayan kwazazzabon. A kowacce, cikin jerin kayan jarumar, tsakanin igiya da kwari, ta rubuta: Alvin, alfadari, ɗaya.

A ta ƙarshe ta ƙara kalma biyu da fensir a gefe: yana hanya.

Shawarata a nan ita ce ka zauna a ƙasa tun kafin ka buɗe. Ni a tsaye na buɗe.

6. Tara jama'a ka yi jawabi

Sa ranar Lahadi. Jera kujeru huɗu, don hannunka ba zai yarda da uku ba. Ɗora shuɗin littafi a tsakiyar tebur ka fara bayani kan fa'idarsa. Ni na kai minti ashirin kafin Bernadette ta buɗe jakarta ta fito da nata jan littafin, wanda ban san tana da shi ba.

Ta ce, "Duk wannan wahalar don ɗari da sha huɗu?"

Na ce ban gane ba.

Gordon ya ce, "Haba tsoho. A makon da alfadarin ya faɗa Lorraine ta nuna mana, a wajen ajiye motoci na coci. Ni har na ce zan zo in kwaɗa maka littafin a ka."

"Me ya hana ka?"

"Ita. Cewa ta yi, ku ƙyale min shi, zai faɗa da bakinsa. Alfadari ba a jan sa, jira ake yi."

Bernadette ta ce, "Duk Lahadi in za mu tafi sai ta ce mana, wataƙila mako mai zuwa."

Wato shekara goma sha ɗaya ina gadin sirrin da mutum uku ke sha da kofi. Na karanta littattafai sun fi dubu huɗu. A teburin nan ni kaɗai ne ban iya karatu ba.

7. Yanke hukunci

Gordon zai turo maka takardar Lorraine ya ce, "To, alƙali, muna jinka." Sabuwar takarda ba ta da gurbin dabba, ai don haka ka zaɓe ta. Ɗauki fensir ka rubuta shi a gefe, da ƙananan baƙaƙe. Sannan ka dubi kujera ta huɗu, ka buɗe baki, ka ce kofi ya huce, bari ka ɗumama. Ka daɗe a kicin. Abokan kirki ba za su biyo ka ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin komai: ko wata takwas da za ka ɓata, ko tukwanen Bernadette da ba ka mayar ba, ko abin da za ka tarar a jakar wani. In ka bi matakan ka sha kunya, kai ka ga dama. In kuwa taka tana nan da rai, tana kicin tana wanke kwanuka, me kake yi da wannan takardar?

Sha ɗaya da biyu sha uku ne, Lorraine. Ke ce da gaskiya. Ya tsallake.