Tambarin Damo

A wani daji da hanyoyinsa suka fi ƙarfin ƙafa, kowace dabba mai abin hannu tana da amalankenta, kuma kowane amalanke da maƙerinsa. Al'adar maƙeran ita ce kowa ya buga tambarinsa a jikin ƙarfen da ke riƙe ƙafafun amalanke. In abu ya yi kyau, mai tambari ake yabo. In ya karye, shi ake nema. Ba wanda ke sayen amalanke marar tambari.

Damo ya gaji nasa daga mahaifinsa, zane uku ne kamar sawun kaza. Ba ya ɗora guduma sai ya ga mai aiki da idonsa, ya dubi faɗin ƙugunsa, ya bi shi ya ga hanyar gidansa. Aikinsa akwai jinkiri, amma ba a taɓa kawo masa ƙara ba.

Sai ga Dila ya kafa Haɗakar Maƙera, ya gina rumfa mai fenti a bakin kasuwa. Masu son amalanke suka koma can, wutar maƙerar Damo ta fara kwana a mace. Da matarsa ta soma auna tsaba da rabin kwano, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Dila ya tarbe shi da fara'a. "Sannu da zuwa, Baba Damo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba mu zo ƙwace maƙerar kowa ba, kana nan da 'yancinka. Abin da muke bukata kaɗan ne. Ba sai ka wahalar da kanka da ganin mai aiki ba, mu za mu aiko maka da awo. Ƙarfe kuma daga rumbun Hajiya Kura za ka riƙa karɓa, don aiki ya zama iri ɗaya. Ranar da muka yanka, ranar za ka gama. Tambarin Haɗaka zai zauna a gaba, inda ido ke gani. Naka kuwa ba za mu taɓa shi ba, mu masu girmama al'ada ne, yana nan a ƙasa inda kakanninka suka bar shi."

Yunwa ba ta shawara da mutum. Damo ya ce, "Allah ya sa albarka, ranka ya daɗe."

Aiki ya yi ta zuwa, tukunya ta koma tafasa. Wata rana aka aiko da awon mai matsakaicin jiki, aka haɗo da ƙarfen da tsatsa ta ci aka shafe da mai. Damo ya ƙwanƙwasa shi, ya ji muryarsa ta dushe. Ya koma wurin Dila.

"Wannan ƙarfen ba zai ɗauki nauyi ba. A bar ni ko sau ɗaya in ga mai shi."

"Haba Baba, a cikin 'yan uwa har da zargi? Hajiya ta rantse a kan ƙarfen nan. Kuma jibi ne alkawari."

Ba banza ake ce da damo sarkin haƙuri ba. Ya koma ya ƙera, ya ɗauki tambarin mahaifinsa ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya buga. Zuciyarsa ba ta so, kuma ya san ba ta so.

Mai matsakaicin jikin ashe Dorina ce. A gangaren rafi ƙarfen ya karye, hatsin shekararta ya bi ruwa, ita kuma ta gurɗe a ƙugu.

Aka taru a rumfa mai fenti. Dila ya tashi, idonsa har da ƙwalla. "Jama'a, abin da ya sami Hajiya Dorina mu ya sama. Amma Haɗaka ba ta riƙe guduma, haɗa zumunci kawai take yi. Iyayenmu sun bar mana hanyar gane mai laifi, ba mu isa mu sauya ta ba. A kifar da amalanken a duba."

Aka kifar. Zane uku, kamar sawun kaza.

Damo ya ce, "Na faɗi ƙarfen ba shi da kyau. Ban kuma taɓa ganin baiwar Allahn nan ba sai yau."

Kura ta ce, "Ji fa. Maƙeri ya ƙera wa wadda bai gani ba, da ƙarfen da bai yarda da shi ba, ya kuma buga sunan ubansa."

Abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma wannan ya fi komai yi wa Damo ciwo. Aka yanke a jefa tambarinsa cikin wuta. Yana tsaye yana kallo zanen uku suka yi ja, suka narke.

Da taro ya watse, Dila ya rako shi har bakin hanya, ya dafa kafaɗarsa. "Ka yi haƙuri, Baba. Da son samu ne mu ci gaba tare, to amma ka san Haɗaka ba ta aiki da maƙeri marar tambari."

Washegari da hantsi aka aika wa wata maƙeriya, Bushiya, goron gayyatar shiga Haɗaka, don duk dajin an shaida tambarinta ba shi da tabo.