Ɗigon da Ya Ƙi Kwanciya

"...ya gajiya, Ɗan Kawu? Ko da yake wace gajiya ga mai watsa wa ƙarfe ruwa."

"Babu gajiya, 'Yar Gwaggo. Ya zaman kallon ɗigo? Na ji jiya ɗaya ya motsa, har kin kira taro."

Taubasai ne, uwarta da ubansa ciki ɗaya, kuma masana'antar firji ɗaya ta haɗa su. Shi ne shugaban sashen wanki, inda ake cire maiƙo daga fallayen ƙarfe kafin fenti. Ita ce mai gwaji. Takan ɗiga ruwa da allura a kan falle, kyamara ta leƙa daga gefe, kwamfuta ta auna kusurwar da ɗigon ya yi da ƙarfen. In ya baje, ƙarfe ya wanku, fenti zai kama. In ya dunƙule, akwai maiƙo. Kwanan nan ɗigonsa dunƙulewa yake yi, har manaja ya ce in aka sake mayar da kaya, Ɗan Kawu sashen lodin mota zai koma. Shi ya sa yau bai aiko da fallen gwaji ba, ya kawo da kansa.

Ta ɗiga. Ɗigon ya zauna ɗas, kamar mai jiran a gaishe shi.

"Digiri tamanin," in ji ta. "Ƙasa da talatin muke nema. Barka, ɗigonka ya fi ka tumbi."

Ya ce na'urar ce ta tsufa, ta koyi baƙin hali wurin mai ita. Ta ce na'urar ba ta taɓa cin tuwon gidan Kawu ba, balle ta koyi ƙarya. Ya rantse ƙarfen nan ya fi kwanukan gidanta tsabta, shi da ya taɓa cin abinci a can ya kwana yana istigfari. Ta ce ai bai bar komai a kwanon da za a wanke ba. Sannan ta tambaye shi lambar rigarsa, don ta sa a ɗinka masa ta 'yan lodi, mai aljihun goge hawaye.

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki fallen, ya shafe shi da tafin hannu a hankali, ya mayar.

"Sake gwadawa. Wataƙila ƙura ce. Duk wanda zan aiko miki sai na share shi haka."

Ta tsaya. Ta sunkuya ta shinshina fallen, sannan ta kamo hannunsa ta shinshina. Ƙamshin lemo.

"Me ka shafa?"

"Man da kika ba ni mana. Ba ke kika ce hannuna ya fi soson ƙarfe kaushi ba, in na gaisa da mutum sai an kai shi asibiti?"

"Don tsokana na ba ka."

"Ni kuwa safe da rana nake shafawa. Kyautarki ta farko tun da aka haife ki, ai ba a wasa da abin tarihi."

Ta sa safar hannu ta fita, ta zaro wani falle daga tsakiyar kaya, ta riƙo shi ta gefe. Ta ɗiga. Ruwan ya baje shame-shame. Digiri ashirin da biyu.

Ɗan Kawu ya ja kujerarta ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya ce a rubuta wa manaja cewa an gano tushen maiƙon masana'anta, kuma ga ta nan tsaye sanye da farar rigar gwaji.

"Zan ce hannu ne ya ɓata fallen gwaji," in ji ta. "Kayanka lafiya lau."

"Hannun wa? Man wa?"

Dariya ta ƙwace mata. Ta jawo kwalin safar hannu sabo fil ta tura masa.

"Ungo. Kyauta ta biyu."

Ya ɗaga kwalin da yatsa biyu, ya ajiye shi ƙarƙashin allurar.

"Ɗiga masa tukuna."