Famfona da Randar Hajji Bawa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan ɗiyata ta fari a Wad Haddad, ko da yake na shafe shekaru masu yawa ina ƙoƙarin mantawar.

Wajibi ne in fara bayyana ko ni wane ne a lokacin. Malamin makaranta ne ni, Ustaz ake kirana, wanda ya yi karatu a hannun 'yan Mishan, inda ake duba farcen ɗalibi kafin a duba littafinsa. Da aka haƙa rijiyar burtsatse a shekarun sittin, aka ɗora mata tanki, gidana ne na farko a unguwarmu da aka ja wa famfo (masura muke ce masa a can). Na ɗauka daga ranar dattawan unguwa ba su da wurin shan shayi bayan la'asar sai ƙofar gidana.

Haka aka yi, na tsawon mako biyu. Daga nan suka koma ƙofar maƙwabcina, Hajji Bawa, manomin auduga da ko sunansa bai iya rubutawa ba. Shi ruwan tur'a yake sha, wato babbar magudanar da ke kai ruwan kogi gonaki. A ɗebo shi ja wur, matarsa ta daka 'ya'yan zogale ta zuba a randa, laka ta kwanta, a tace. Shayinsa ya fito ja garau. Nawa kuwa (yau ina iya faɗa) a lokacin dushi-dushi yake fitowa da yana a samansa, domin ruwan tankin mai zartsi ne: sabulu ba ya kumfa, wake ba ya nuna, cikin buta ya yi farin ɓawo. Ina gani, amma na ƙi gani. Nakan zauna ni kaɗai a kan kujerata, da jarida a hannu, ina jiyo dariyarsu ta katanga, ina ƙirga muryoyi. Ban taɓa yi wa wani mahaluki hassada kamar yadda na yi wa randar nan ba.

Ranar suna na kafa doka: kada ɗigon ruwa ya shiga tukunya sai na famfo. Aka kawo shayin farko. Ikon Allah, ja garau! Liman ya kurɓa ya lumshe ido.

"Ya Ustaz, wannan shayi ya yi. Ko na Hajji Bawa albarka."

Da ina da hankali, da na ce alhamdulillahi na yi shiru. Maimakon haka na miƙe, na gyara rawani, na yi wa taron mutane lacca a kan ƙwayoyin cuta, da tsargiya, da jahilcin mai shan laka alhali ga ruwan zamani. Ban ambaci suna ba, amma ban ɗauke idona daga Hajji Bawa ba. Shi kuwa sai murmushi yake, yana juya kofinsa.

"Wallahi gaskiyarka, Ustaz," in ji shi. "Mu namu ilimin a gona ya tsaya. A ƙaro muna dai."

Murmushin nan ne ya halaka ni. Na ce zagaye na biyu da hannuna zan dafa, a gaban kowa, don kada gobe wani ya yi musu. Na sa aka fito da gawayi, na tara buta a bakin famfo suna kallo, na auna ganye cokali-cokali kamar mai haɗa magani. Ya tafasa, na tsiyaya wa Liman.

Abin da ya sauka a kofin ya yi kama da ruwan wankin kwano, ga farin ɓawo yana yawo a ciki. Liman ya kurɓa don kunya, ya ajiye, ya shiga gyaran murya.

A daidai nan ne Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda kurumta ta sa ba ta san tana ɗaga murya ba, ta yi magana daga bayan zana:

"Wa ya bar shi ya taɓa masura? Ku hana shi, zai kashe muna baƙi! Na safe ai daga randar Bawa muka ɗebo, bokiti huɗu, ta ƙofar baya. Shi kanshi wata uku ke nan ruwan randar yake sha, yana yabon hannun matarshi!"

Har lokacin butar na hannuna. Hajji Bawa ne ya tashi ya karɓe ta, yana share hawayen dariya da gefen rawaninsa.

"Zauna, uban jaririya. Wuta taka, ruwa nawa, a tafasa shi sosai kamar yadda ka koya muna."

Game da tsargiya na yi gaskiya, kuma har gobe ina kan bakana. Amma tun daga ranar na ɗora wa kaina wata doka da 'yan Mishan suka manta ba su koya mini ba: kafin in yi wa jama'a lacca a kan abin da ke cikin kofina, sai na fara leƙawa madafa na tambayi wadda ta cika butar.