Rasuwar 'Yar Baƙa, Kwamfutar Musaddiq

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da ya kumbura, Musaddiq Barau Kiyawa, ɗalibin ajin ƙarshe na jami'a a Dutse, yana sanar da rasuwar kwamfutarsa, 'Yar Baƙa, ranar Juma'a da azahar. Ta bar duniya tana da shekara tara.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha faɗuwa daga bayan babur, ta sha ruwan koko, ba ta taɓa cewa komai ba sai "fuuu" na fankarta.

A cikinta aikinsa na kammala karatu yake: 'yar manhajar da za ta koya wa zuciyar Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, magana da injin ban-ruwa. Ranar Litinin zai kare shi gaban malamai. Kwafi ɗaya ne tak, don gwanin namu ya ce ajiya biyu aikin matsorata ne.

Ciwon ajali ya fara ne da ya ba ta umarnin make, wanda ke harhaɗa manhaja. Maimakon ya nuna mata ƙaramin aikinsa, sai ya sa ta gina zuciyar gaba ɗaya, a zafin bazara, a kan katifa. Ya kafa hula ya tafi masallaci.

Goggo Huseina ce ta jiyo nishinta. Ta taɓa ta, ta ji jiki rau kamar garwashi. Matar da ta raini 'ya'ya takwas ta san maganin zazzaɓi: ta jiƙa tsumma sharkaf da ruwan randa, ta lulluɓe majinyaciya. Marigayiya ta ce "ƙit" sau ɗaya. Zafin kuwa ya sauka, kuma har yau Goggo na jiran godiya.

Ta bar caja mai ɗaurin roba, da linzamin kwamfuta gurgu, da wani filas na ajiyar bayanai da aka cika da finafinai. Ta kuma bar Musaddiq, wanda mai gyara ya ce masa faifan ajiyar da ke cikinta ma ya bi ta.

Masu ta'aziyya su daina tambayar ko ya tura wa kansa aikin ta imel. Bai tura ba.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da ƙarfe tara, gaban malamai biyar, inda mai rashi zai tsaya da gawar a hannu. Zaman makoki shekara guda ne, a ajin da zai maimaita, tare da ƙannen bayansa.